Waiwaye: Yadda Layin Likitan Ƙwaƙwalwar Yara Ya Yi Tsawo a Katsina

A shekarar 1996 sanƙarau ya yi wa Arewa mummunan kamu. Sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya taɓa. Waɗanda suka rasu an ƙirga su. Yaran da suka tashi da kurumta, ko farfaɗiya, ko shanyewar ɓarin jiki, su gida aka mayar da su, aka ce sun warke. Haka aka sake yi a 2017, lokacin da wani nau'in sanƙarau da ya ɓulla a Zamfara ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina.

A da, irin wannan yaro ba asibiti ake fara kai shi ba. In ya faɗi yana jijjiga, a ce iska ce. A yi tofi, a ba shi rubutu, a yi hayaƙi, wani ma ya cusa masa cokali a baki, abin da likitoci ke hanawa. Jama'a kuma su dare, wai yawunsa na yaɗa cutar, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta. Wanda ya dage sai ya ga ƙwararre, to hanyar Zariya ce ko Kano.

Gwamnati da ƙungiyoyin waje sun fi zuba ƙarfinsu kan rigakafi, kuma an ga amfaninsa. Allurar sanƙarau ta MenAfriVac ta shigo a 2011. A Najeriya, a Katsina aka fara gwada rabon maganin zazzaɓin damina ga ƙananan yara a 2013. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna. Sai dai rigakafi ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu.

Kuma babbar ƙofar ma ba annoba ba ce, ɗakin haihuwa ne. Doguwar naƙuda a gida, jariri ya fito bai yi kuka ba. Ko shawara ta kama shi kafin suna, idonsa ya yi ɗorawa, a ce a bari zai washe. Bayan wata takwas uwa ta zo da shi goye, tana cewa, "Likita, har yanzu wuyansa bai tsaya ba." Ga zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ga masu sikila da ke samun shanyewar jiki tun suna firamare.

Yau iyaye sun fi zuwa, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa. A ganina wannan ci gaba ne, ko da kuwa layin na ba da tausayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai, kuma irin su phenobarbital da carbamazepine tsofaffin magunguna ne. Matsalar ita ce shan su na shekaru ne, ba na mako guda ba. Gashin ƙashi ma haka. Uban da ke zuwa daga Baure ko Mai'aduwa, kuɗin mota kaɗai na iya sa shi ya tsallake wata biyu, yaron ya koma faɗuwa, dangi su ce ai dama sun faɗa, ba ciwon asibiti ba ne.