Saukar Gaggawa ta Ni'ihau (1941)

Saukar gaggawa ta Ni'ihau al'amari ne da ya auku a tsibirin Ni'ihau na yankin Hawai daga ranar 7 zuwa 13 ga Disamba 1941, bayan da wani matuƙin jirgin yaƙin Japan mai suna Shigenori Nishikaichi ya saukar da jirginsa ƙirar Mitsubishi A6M2, wanda aka fi sani da Zero, kusa da ƙauyen Pu'uwai. Ya taso ne daga jirgin ruwan dakon jirage Hiryu cikin rukuni na biyu da ya kai farmaki sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, harsasai kuma suka huda masa tankin mai. Kusan duk abin da aka sani game da kwanakin nan daga bakin mutanen tsibirin ya fito, domin maza biyun da suka fi kowa sanin cikin lamarin, wato matuƙin da wani mazaunin tsibirin da ya taimake shi, ba su rayu sun ba da nasu labarin ba.

Rundunar ruwan Japan ta ɗauka babu kowa a Ni'ihau, shi ya sa ta umarci duk matuƙin da jirginsa ya samu matsala da ya sauka can ya jira jirgin ƙarƙashin teku. Alhali kuwa mutum 136 ke zaune a tsibirin, akasarinsu 'yan asalin Hawai, ba su da wutar lantarki balle tarho. Tsibirin mallakar iyalan Robinson ne, waɗanda kakarsu Elizabeth Sinclair ta saye shi a 1864, kuma tun kafin yaƙi sun sa an bi filayen da garma an yi musu kunya-kunya don kada jirgi ya samu wurin sauka.

Wani mazaunin tsibirin mai suna Hawila Kaleohano na tsaye a kusa da gidansa lokacin da jirgin ya dira, tazarar da ba ta wuce mita 6 ba. Bai san an fara yaƙi ba, amma ya gane tambarin Japan, don haka kafin matuƙin ya dawo hayyacinsa ya zare masa ƙaramar bindigarsa da takardunsa. Duk da haka mutanen ƙauyen sun karɓe shi a matsayin baƙo, har suka yi masa walima. Da aka nemi tafinta, sai aka kira Ishimatsu Shintani, wani mai kiwon zuma haifaffen Japan, wanda ya yi 'yar magana da shi ya juya ya tafi bai ce uffan ba. Daga nan aka kira Yoshio Harada da matarsa Irene, 'yan asalin Japan haifaffun Hawai. Matuƙin ya gaya musu batun farmakin, suka ɓoye wa jama'a, sai da dare aka ji labarin ta wata rediyo mai batir.

An tsare matuƙin a gidan Harada ana jiran Aylmer Robinson, ɗaya daga cikin masu tsibirin, ya zo daga tsibirin Kaua'i, amma sojoji sun hana zirga-zirgar jiragen ruwa. Ranar 12 ga wata Shintani ya je da kuɗi don ya fanshi takardun, Kaleohano ya ƙi. A yammacin ranar Harada da matuƙin suka murƙushe mai gadi, suka kwashi bindigogi, daga baya suka cinna wa jirgin da gidan Kaleohano wuta. Shi kuwa Kaleohano ya shiga kwalekwale da mutum biyar, suka kwana suna tuƙi da filafili zuwa Kaua'i neman ɗauki.

Da safiyar Asabar 13 ga wata Harada da matuƙin suka kama wani mazaunin tsibirin mai suna Benehakaka Kanahele da matarsa Ella, matuƙin ya yi barazanar kashe kowa in ba a kawo Kaleohano ba. Kanahele ya faki idonsa ya auka masa. An harbe shi sau uku, amma ya ɗaga matuƙin ya maka shi da katangar dutse, Ella ta buga masa dutse a ka, mijin ya ƙarasa shi da wuƙa. Nan take Harada ya harbe kansa. Sojoji ba su iso ba sai washegari.

A 1945 aka bai wa Kanahele lambobin yabo biyu, ciki har da Purple Heart, wadda Amurka ke bai wa waɗanda aka raunata a yaƙi, Ella kuwa, wadda ita ma ta sa hannu a faɗan, ba a ba ta komai ba. An kai Shintani sansanin tsare mutane, ya komo tsibirin bayan yaƙi, ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1960. Irene Harada ta yi wata 31 a tsare ba tare da an gurfanar da ita gaban kotu ba.

Masana tarihi sun saɓa a kan ko wannan lamari ya taimaka wajen fitar da umarnin shugaba Roosevelt mai lamba 9066 na 19 ga Fabrairu 1942, wanda ya kai ga tsare 'yan asalin Japan a Amurka, kuma ɗora wannan babban mataki a kan abin da mutum uku, wato Shintani da Harada da matarsa, suka aikata ya yi nauyi. Ragowar ƙarafan jirgin, tare da taraktar da aka yi kunyoyin da ita, suna ajiye a gidan tarihin jiragen sama da ke tsibirin Ford a Pearl Harbor.