Cutar Kushin a jikin kare ba ƙazuwa ba ce, kuma ba ta yaɗuwa

An daɗe ana cewa idan kare ya manyanta, gashinsa ya fara zuba, cikinsa ya yi tulu, to ƙazuwa ce da tsutsar ciki, gara a rabu da shi kafin ya shafa wa yara. Ba laifin masu faɗa ba ne, alamun sun yi kama. Amma idan likitan dabbobi ya ce cutar Kushin ce, maganar ta sha bamban.

A cutar Kushin, kotisol, wani sinadari da jiki ke samarwa da kansa, shi ne ya yi yawa a jikin karen. Galibi wani ɗan ƙari a gindin ƙwaƙwalwa ke ingiza ƙullutun da ke saman ƙoda su riƙa fitar da shi fiye da kima. Daɗewa a kan maganin sitiroyid ma na jawo ta. Kare ba ya shafa wa mutum ita, ba ya shafa wa wani karen.

Ƙazuwa tana sa susa ba dare ba rana. Mai Kushin kuwa gashi ke zuba daidai a gefe biyu, yawanci ba ƙaiƙayi, ga ci, ga haki, ga yawan fitsari. A auna ruwan da yake sha a yini: kare mai kilo 20 da ke shanye fiye da lita 2 yana bukatar gwajin jini. Sai dai zafin bazarar Zariya kansa na ƙara ƙishirwa, a lura da wannan.

Akwai maganin da ke sassauta ta, ana ba shi har iya rayuwarsa. Kada a hana shi ruwa don gudun fitsari. Maƙwabcin da aka gaya wa karensa na da ita, a raka shi asibitin dabbobi a Samaru, a daina ce masa ya jefar.

Don Allah a tura wa masu kiwon karnuka.