Me Ake Nufi da "Jinin da Aka Tantance"?

Idan ma'aikacin asibiti ya ce an tantance ledar jini kafin a ƙara wa majinyaci, da yawa kan ɗauka gwajin rukunin jini yake nufi, wato a ga ko jinin mai bayarwa ya dace da na mai karɓa. Wancan aiki ne daban. Tantancewa ita ce bincikar jinin don gano cututtukan da ke iya bin sa su shiga jikin wani, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba guda huɗu a kowace leda: ƙanjamau, tunjere, da ciwon hanta nau'in B da nau'in C.

Ciwon hanta shi ne ya fi ba masana wahala, domin mutum na iya ɗauke da ƙwayarsa shekara da shekaru, idonsa bai yi shawara ba, jikinsa bai nuna komai ba. A 1965 wani likita mai bincike ɗan Amurka, Baruch Blumberg, ya ba da rahoton wani sinadari da ya gano a jinin wani ɗan asalin Ostareliya, daga baya aka fahimci cewa ɓawon ƙwayar nau'in B ne, kuma shi ake nema a gwaji har yau. Duk da haka waɗanda aka yi wa ƙarin jini ba su daina kamuwa da ciwon hanta ba, har wani likitan Amurka, Harvey Alter, ya nuna cewa akwai wata ƙwayar ciwon hanta da ba nau'in A ba ce, ba kuma B ba. Sai a 1989 aka gano ta, aka kira ta nau'in C.

Inda kalmar take ruɗar mutane shi ne zaton cewa jinin da aka tantance ba shi da sauran haɗari. Akwai tazara tsakanin ranar da ƙwaya ta shiga jiki da ranar da gwaji zai iya ganin alamarta. Gwajin nau'in C da aka saba yi ba ƙwayar yake nema ba, martanin garkuwar jiki yake nema, shi kuwa yakan ɗauki kamar wata biyu ko fiye kafin ya bayyana. Gwajin da ke farautar ƙwayar halittar cutar kai tsaye yana rage wannan tazara zuwa kwanaki, sai dai yana da tsada, ba kowace ma'ajiyar jini ke da shi ba.

Shi ya sa tambayoyin da ake yi wa mai ba da jini, kan allurar da aka yi tarayya a kanta ko ƙarin jinin da aka yi masa kwanan baya, suke cikin tantancewar, kuma a ganina ba su gaza na'ura muhimmanci ba. Wanda ya zo don a biya shi yana da dalilin ɓoye gaskiya, wanda ya zo don sa kai kuwa ba shi da shi.

Ledar da ta nuna alama ba a ƙara wa kowa ita. Amma wannan bai tabbatar da cewa mai jinin yana da cutar ba, domin an tsara gwajin ya kama ko da ɗan abin zargi ne, don haka akan tura shi a sake masa gwajin tabbatarwa.