Injin Zarto Mai Aiki Biyu: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Kafawa da Saitawa

Kafintoci da yawa suna sayen injin zarto mai aiki biyu saboda ƙuncin shago da tsadar kayan aiki, amma kaɗan ne suke ba shi lokacin da yake bukata kafin su ɗora masa katako. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na fi ji daga bakin abokan sana'a da yaran shago.

Wane irin inji ne wannan, kuma me ya bambanta shi da sauran?

Inji ne mai motar lantarki ɗaya da faifan zarto ɗaya, amma yana aiki ta fuska biyu. A fuska ta farko ana riƙe kan injin a sauke faifan a kan katako domin a datse shi a gicciye ko a yanke masa kwana. A fuska ta biyu faifan yana leƙowa ta tsakiyar tebur, ana tura katako a kansa domin a tsaga shi ta tsawo.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda teburinsa yake a saman kan injin, kamar Makita LH1040 mai faifan milimita 260 da Bosch GTM 12 JL mai faifan milimita 305. Shi ana danne kan ne ƙasa a kulle, sai a yi aiki a kan teburin sama. Akwai kuma wanda ake kifa shi gaba ɗaya, kamar DeWalt DW743 da Makita LF1000, wanda idan an juya shi bayan farantin da ake ɗora katako a kai ya zama tebur. A nau'in farko ba a kwantar da faifai yayin tsaga, kuma kaurin katakon da yake iya tsagawa kaɗan ne, misali milimita 40 a LH1040. Nau'in da ake kifawa yana kaiwa milimita 70, kuma ana iya karkata faifansa ko a lokacin tsaga. Wanda yawancin aikinsa tsaga falankai masu kauri ne, gara ya san wannan tun kafin ya biya kuɗi.

Me ya kamata a duba kafin a jona shi da wuta?

A karanta ƙaramin allon da ke manne a jikin motar. Wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 zuwa 230 ne, amma tsofaffin injunan da ake shigowa da su ba duka aka yi su don wannan wutar ba. Wanda ya fito daga Amurka na bolt 120 ne, kuma injunan wuraren gini na Ingila masu filogi ruwan ɗorawa na bolt 110 ne, dole sai da tiransifoma. Wasu suna yanke filogin su sa wani su jona kai tsaye, nan take motar ta ƙone.

Injin da yake cin wat 1800 yana jan kusan amfiya 8 idan yana gudu, amma lokacin tashi yana jan ninkin hakan, shi ya sa ƙaramin janareta yake durƙushewa da zarar an kunna shi. A nemi janareta mai ƙarfin da ya zarce na injin sosai, da waya mai kauri, gajera gwargwadon iko, kuma a warware ta duka daga kan abin naɗinta don kada ta ɗauki zafi.

Abu na uku shi ne makunnin fuskar tebur. Makunni na asali yana kashe kansa idan an ɗauke wuta, ba ya sake tashi sai an danna shi. A wurin da ake ɗauke wuta a dawo da ita babu sanarwa, wannan makunnin yana tsare hannun mutum, domin yaro yana iya kasancewa yana share ƙura kusa da faifai a daidai lokacin da aka kawo wuta. Idan ya lalace, a canza shi da irinsa, kada a yarda mai gyara ya haɗe wayoyin da makunnin fitila.

A ina ya dace a kafa shi?

A kan daɓe mai lebur, inda ƙafafunsa huɗu za su zauna daram. Mai teburin sama a ɗaure shi da noti a kan benci mai nauyi, amma a ɗaure a hankali, domin idan bencin yana da tudu, ƙarfin noti yana murɗe gindin injin, sai saitin ya ƙi zama. A bar fili hagu da dama don datsa, gaba da baya don tsaga, kuma a tanadi mataimakin da zai tallafi dogon katako a daidai tsayin teburin.

Da me ake fara saiti?

Da zare filogi daga soket. Kashe makunni kawai bai isa ba. Daga nan sai faifai, domin duk awon da za a yi daga jikinsa ake ɗaukarsa. A kwance shi, a tuna cewa a injuna da yawa notin tsakiya zaren hagu gare shi, wato ana kwance shi ta ɓangaren da ake ɗaure sauran notina. A goge zobban ƙarfe biyun da suke matse faifan, domin ƙwayar ƙura ɗaya da ta maƙale a tsakaninsu tana sa faifan ya riƙa rawa, ya buɗe tsagi fiye da kaurinsa. A mayar da shi kibiyar jikinsa tana bin kibiyar murfin injin, sannan a juya shi da hannu a ga ko yana taɓa wani abu.

Tsarin da nake bi ba ya canzawa: faifai, sai tsayuwarsa a kan faranti, sai jingina, wato ƙarfen da ake jingina katako da shi yayin yanka, sai kusurwoyin digiri 45, sannan a ƙarshe kibiyoyin da suke nuna lamba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga kibiya a kan sifili ya gamsu. Kibiya ƙaramin ƙarfe ce da sukuru ɗaya yake riƙe da ita, ana iya ture ta da ɗan yatsa. Ita ake gyarawa ta bi faifai bayan an gama komai.

Yaya ake tabbatar da cewa yankan digiri 90 daidai yake?

Da farko a gwada sukwayar kanta, wato ma'aunin kwanar digiri 90 mai siffar L. A jingina ta a gefen falankin da yake miƙe sak, a ja layi da fensir mai tsini, a kifa ta a sake jan layi a wuri ɗaya. Idan layukan biyu sun rabu, sukwayar ta faɗi ƙasa ta karkace, kuma duk injin da aka saita da ita zai gaji laifinta.

A sauke kan injin a kulle shi, a tsayar da sukwaya a kan faranti, a manna ta da jikin faifai a tsakanin haƙora biyu. Haƙoran sun fi jikin faifan faɗi, idan sukwaya ta hau ɗaya daga cikinsu awon ya ɓaci. A haska tocila daga baya: idan haske yana ratsowa ta sama ko ta ƙasa, faifan ya karkata. A sassauta hannun da ke bayan injin, a murɗa sukurun tsayawa da alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen murɗa sukuru, kaɗan-kaɗan har hasken ya ɓace. Bayan haka a kwantar da sukwaya tsakanin jingina da faifai. A wasu injunan jinginar ake sassautawa a matsar, a wasu kuma farantin lambobi ake motsawa. Littafin injin yana faɗin wanne ne.

Duk wannan share fage ne, katako shi yake yanke hukunci. A samo falanki mai faɗin kamar santimita 10 wanda gefunansa biyu suke miƙe, a yi masa alama a fuska, a datse shi biyu, a kifa rabi ɗaya, sannan a haɗa bakin yankan biyu a jingina su da abu miƙaƙƙe. Idan akwai kuskure, kifawar tana ninka shi sau biyu, sai a ga wata siririyar kafa mai kama da tsinke, buɗe a gefe ɗaya, rufe a ɗaya gefen. A gyara, a sake yanka, har bakunan su haɗu yadda ko takarda ba za ta shiga ba. Sai a lokacin ake kwance sukurun kibiya a ɗora ta a kan sifili.

Na sa injin a kan 45, amma firam ɗina ya ƙi haɗuwa. Mene ne dalili?

Firam mai kusurwa huɗu yanka takwas ne, kuma kuskuren kowane yanka yana taruwa ne a kusurwar ƙarshe. Rabin digiri, wanda ido ba ya gani a kan ma'auni, yana zama digiri 4 idan aka zo rufe firam ɗin. Na taɓa ɓata katakon madaci mai kyau na firam ɗin madubi ta wannan hanyar, kusurwa uku sun zauna lafiya, ta huɗu ta buɗe baki har ana hango bango ta ciki, kuma da na bincika sai na tarar da dunƙulen ƙura a cikin ramin da makullin farantin yake faɗawa.

Saboda haka a share ramukan, waɗanda yawanci suke kan 0 da 15 da 22.5 da 30 da 45. A yanka guntaye biyu a haɗa su a cikin sukwaya, a gwada hagu daban, dama daban. A tabbatar ɓangarori masu fuskantar juna tsawonsu ɗaya ne, domin ko kusurwa ta yi daidai, bambancin milimita ɗaya a tsawo yana buɗe haɗi. Maganinsa a ɗaure ɗan katakon tsayawa a jikin jingina. Haka kuma faifai yana jan katako zuwa gare shi a yankan kwana, don haka a danne shi da matsen injin. Ga mai yin abu mai kusurwa da yawa, ana raba 180 da yawan ɓangarorin: shida 30 ne, takwas kuma 22.5.

Idan aka koma fuskar tebur, me ake saitawa?

Abu mafi muhimmanci shi ne lanƙwasasshiyar wuƙar da take bayan faifai. Aikinta ta hana tsagin rufewa ya matse faifan. Dole ta tsaya a layi ɗaya da faifan, tazararta da haƙora ta kasance tsakanin milimita 3 zuwa 8, kuma kaurinta ya fi na jikin faifai amma kada ya kai faɗin tsagin. A wasu injunan da ake kifawa ana kawar da ita gefe lokacin datsa, sai a manta a mayar da ita idan an juya injin. Ina roƙon kowane mai shago ya mayar da duba wannan wuƙar da murfin saman faifai ƙa'idar da ba a tsallakewa, ko da falanki ɗaya za a tsaga.

Sai jinginar tsaga. A yi wa haƙori ɗaya alama, a auna daga shi zuwa jingina yana gaba, a juya faifan a sake aunawa da wannan haƙorin yana baya. Awon biyu su zo ɗaya. Idan za su bambanta, to bayan ya fi buɗewa da ɗan abin da bai kai rabin milimita ba. Jinginar da ta tsuke a baya tana tura katako kan haƙoran da suke tasowa, alamarta baƙin ƙuna a gefen katako da kukan motar da ya sauya. Tsayin faifai kuwa, a bar haƙoran su ɗara kaurin katakon da 'yan milimita kawai.

Wane faifai ya dace da aiki biyun?

A faifan milimita 250 ko 260, mai haƙora 24 yana tsaga da sauri amma yana yage baki idan an datsa, mai haƙora 60 zuwa 80 yana datsa sumul amma yana ƙona katako a tsaga. Mai haƙora 40 zuwa 48 shi ne tsaka-tsaki. A guji faifan da haƙoransa suka tsaya gaba sosai, domin yana fizgar katako a fuskar datsa. Ramin tsakiyar faifan injunan Turai milimita 30 ne, na Amurka ya sha bamban, kuma girman faifan kada ya saɓa wa abin da aka rubuta a jikin injin.

Me yake sa inji ya harbo katako, kuma yaya ake kiyaye hannu?

Harbi yana faruwa ne idan haƙoran baya suka kama katakon suka wurgo shi wajen mai aiki. Jingina mai tsukewa, rashin wuƙar baya, faifai mai dakushi da katako mai murɗiya su ne manyan dalilai. Kada a tsaga komai da hannu zalla babu jingina, kuma a tsaya gefe kaɗan da layin faifan. Santimita 30 na ƙarshen kowace tsaga a tura su da sandar turawa mai tsawon aƙalla santimita 45. A fuskar datsa, a bar faifan ya tsaya cak kafin a ɗaga kan injin, don kada guntun da aka yanke ya yi tsalle. Safar hannu, riga mai faɗin hannu da rawani mai jela ba su da wuri kusa da faifai. Tabarau, abin toshe kunne da takunkumin ƙura su ne tufafin wannan aikin.

Sau nawa ake sake duba saitin?

Duk lokacin da aka ɗauki injin a mota ko a keke mai ƙafa uku zuwa wurin aiki, duk lokacin da aka canza faifai, da kuma bayan duk wani harbi. Gwajin falankin da ake kifawa ba ya cin minti biyu. Idan kuma saitin ya fita daidai amma haɗin ya buɗe bayan makonni, a dubi katakon: wanda aka yanka da ɗanyensa a damina yana tsukewa ta faɗinsa idan iskar hunturu ta kaɗa, sai kusurwar firam ta buɗe daga ciki. Irin wannan katakon a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakaninsa ya bushe kafin a kai shi kan inji.