Niseko, Rusutsu, Furano ko Kiroro: ina ya fi dacewa da mai son zamiya a dusar ƙanƙarar Hokkaido?

Hokkaido shi ne tsibirin da ke can ƙuryar arewacin Japan, kuma babban birninsa Sapporo ne ya karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta lokacin sanyi a 1972. Daga Disamba zuwa Maris, mutane daga ko'ina a duniya kan yi tururuwa zuwa duwatsunsa domin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Wurare huɗu ne aka fi jan muhawara a kansu.

Me ya sa ake ta zancen dusar Hokkaido kamar babu irinta?

Sirrin yana ga iska da teku. Busasshiyar iska mai tsananin sanyi kan taso daga Saberiya ta ratsa Tekun Japan, wanda ruwansa ya fi ta ɗumi nesa ba kusa ba. A hanya sai ta kwashi laima, da ta ci karo da duwatsun yammacin tsibirin sai ta sauke kayanta. Da yake sanyin ya yi yawa, dusar da ke zubowa ba ta da ruwa sosai. Ka ɗebo ta da hannu ka dunƙula, ba za ta dunƙulu ba, sai ta zube ta tsakanin yatsu kamar garin da aka tankaɗe a rariya. Ka hura ta, ta tashi. Ita ce masu wasan ke kira gari, kuma ita suke biyan kuɗin jirgi domin su same ta. Mai zamiya a cikinta ba ya jin ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa, tana iya kai masa gwiwa ko ƙugu, tana watsuwa a fuskarsa duk sanda ya karkata.

Niseko ne ya fi suna. Ya cancanci sunan?

Ta fuskar yawan dusa, ƙwarai kuwa. A shekara kan zuba kimanin mita 15. Wurin a zahiri filayen zamiya huɗu ne da ke jikin dutse guda, Niseko Annupuri, mai tsayin mita 1,308: Grand Hirafu, Hanazono, Niseko Village da Annupuri, kuma da tikiti ɗaya mutum zai iya shiga dukkansu. In gari ya washe, Dutsen Yotei mai mita 1,898 na tsaye daura da kai. Sai dai a Janairu ana iya kwana da kwanaki ba a gan shi ba saboda zubar dusa ba ƙaƙƙautawa.

Duwatsun ba su kai na Faransa ko Suwizalan tsayi ba, gangarensu ma bai kai nasu tsini ba. Wanda ke neman gangare mai tsinka zuciya, ba nan ne wurinsa ba. Abin da Niseko ke da shi shi ne sauƙin rayuwa ga baƙo: ana jin Turanci kusan ko'ina tun da 'yan Ostareliya suka fara cika wurin a farkon shekarun 2000, ga gidajen abinci birjik, ga zamiyar dare ƙarƙashin fitilu a Hirafu.

To cunkoson da ake kuka da shi fa?

A nan ne nake ganin mutane da yawa ke yin kuskuren lissafi. Suna tambayar mita nawa ke zuba, alhali tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: awa nawa garin kan yi kafin a tattake shi? A Hirafu, ranar da aka kwana ana zuba, tun kafin a kunna kujerun igiyar da ke haurawa da mutane sama layi ya riga ya miƙe. Kafin hantsi an tsattsaga gangaren da ke kusa, babu sauran wurin da ƙafa ba ta taɓa ba. In kuma iska ta yi ƙarfi aka rufe kujerun can ƙololuwa, hanyar tsallakawa tsakanin filayen huɗu ta sama ta toshe ke nan, kowa ya dawo ƙasa a matsu. Ga tsadar masauki, wadda ta zarce ta sauran wuraren. Wanda ya nace sai Niseko, ɓangaren Annupuri ya fi kwanciyar hankali.

Ina ne mafita ga wanda ba ya son layi?

Rusutsu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota daga Niseko. Duwatsu uku ne, na yamma da na gabas da kuma Isola mai mita 994. Dusar kusan iri ɗaya ce, don iska guda ce ke kawo musu ita, amma mutane sun fi ƙaranci. Babban abin alfaharinsa shi ne zamiya a tsakanin itatuwa. Itatuwan na tsaye da tazara, ba su cushe ba, mutum na kurɗawa a tsakaninsu ya sake faɗowa kan hanya ba tare da ya yi doguwar tafiyar ƙafa ba. Garin da ke cikin kurmin kan kai har bayan azahar. A ganina, ga wanda ya riga ya iya wasan kuma garin dusa ne ya kawo shi, Rusutsu ya fi Niseko biyan buƙata. Aibinsa ɗaya: da dare babu wani gari na a zo a gani, rayuwa duk a cikin otal take.

Furano fa, da ke tsakiyar tsibirin?

Shi labarinsa daban. Ya yi nisa da teku, don haka dusar da yake samu ba ta kai ta Niseko yawa ba, amma sanyi ya fi tsanani, garin dusar ya fi bushewa, rana kuma ta fi leƙowa. Filin kashi biyu ne, ɓangaren Furano da na Kitanomine, da dogayen hanyoyi da ake lailayewa da mota kowane dare. An sha gudanar da gasar cin kofin duniya ta zamiya a nan. Sannan Furano gari ne na manoma da ke rayuwarsu ko da baƙi ko babu, wanda a lokacin zafi ya shahara da gonakin furen labanda. Iyali mai yara, ko mai son ya ga Japan ta ainihi bayan ya cire takalman wasa, nan zan nuna masa.

Kiroro?

Yana kusa da birnin Otaru na bakin teku, dusa na zuba masa da yawan gaske, lokacin wasansa kuma dogo ne, yakan kai farkon Mayu. Hanyoyinsa ba su da tsini sosai, sun dace da mai koyo.

Akwai haɗari a bin garin dusar nan?

Akwai, kuma ba na wasa ba. Dusar da ke daɗin zamiya ita ce ke zaftarewa ta binne mutum. Shi ya sa Niseko ya kafa ƙa'ida: ba a fita wajen iyakar fili sai ta ƙofofin da aka tanada, ana buɗe su ko a rufe gwargwadon rahoton zaftarewar ranar, wanda kuma ya kutsa ta ƙarƙashin igiyar shinge ana iya ƙwace tikitinsa. Mai fita ta ƙofa sai da hular kwano da na'urar da ke nuna inda mutum yake in dusa ta rufe shi, ana kuma so ya riƙe shebur da sandar lalubo wanda dusa ta binne. A cikin kurmi ma akwai rami mai zurfi da kan samu a gindin itace, wanda ya faɗa ciki da ka zai yi wuya ya fito shi kaɗai. Kada a shiga ba abokin tafiya.

Yaushe ya kamata a je?

Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu ne samun garin dusa ya fi tabbas, kuma a lokacin ne jama'a suka fi yawa, musamman makon sabuwar shekara, da hutun sabuwar shekarar Sin, da kwanakin bikin dusar ƙanƙara na Sapporo a farkon Fabrairu. Farkon Maris layi ya ragu, farashi ya sauko, rana ta fara fitowa, ana kuma samun zuba jefi-jefi. Daga filin jirgin New Chitose da ke kusa da Sapporo, bas kan kai Rusutsu cikin kamar awa biyu, Niseko kuwa awa biyu da rabi zuwa uku. Mai nufin Furano gara ya sauka a filin jirgin Asahikawa, daga nan tafiyar kamar awa guda ce.