Mece ce fasahar tunani, kuma me ya kai ayaba dala miliyan shida?

Ran nan a teburin mai shayi kusa da Ƙofar Soro, wani yaro ya miƙa wa tsohon telan unguwarmu waya. Hoton ayaba ce guda ɗaya, an manna ta a bango da salatif. Ya ce, "Baba, ka ga wannan? Dala miliyan 6.2 aka saye ta." Tsohon ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ko mai sayen ba shi da lafiya, ko mai sayarwar ɗan damfara ne."

Labarin gaskiya ne. Maurizio Cattelan, ɗan Italiya, shi ya manna ayabar a wani baje koli a Miyami a 2019, aka yi gwanjonta a kamfanin gwanjo na Sotheby's a Nuwamban 2024. Wanda ya saya, Justin Sun, ya ɓare ta ya cinye a gaban 'yan jarida, kuma bai yi asarar ko kwabo ba. Abin da ya biya kuɗi a kai takardar shaida ce da ƙa'idar yadda za a manna wata ayabar in waccan ta ruɓe.

To, wannan ita ce fasahar tunani: aikin da darajarsa ke cikin dabarar da ke bayansa, ba cikin gwanintar hannu ba. Mai ɗinkin aska takwas a babbar riga, da allurarsa ake auna shi. Mai fasahar tunani kuwa, da tambayar da ya jefa maka. Ana danganta mafarinta da Marcel Duchamp, Bafaranshe, wanda a 1917 ya ɗauki mazubin fitsari na tangaran, ya sa masa hannu da sunan bogi, ya aika baje koli a New York, wai a gaya masa wa ke yanke hukuncin abin da ya zama fasaha.

Ni dai ayabar ba ta burge ni ba, wayo ne kawai. Wanda ya kama ni shi ne Yinka Shonibare, da ya tashi a Legas yake aiki a Landan. Yakan ɗinka kayan Turawan da, irin na masu mulki, amma da atamfa, ya sa wa gumaka marasa kai. Mu da muke zuwa babbar kasuwar Katsina haɗa lefe, atamfa tamu ce ko tantama babu. Alhali salon zanenta daga Indonesiya yake, Holan ta kwaikwaya a masana'anta ta kawo mana, shi ya sa har yau mata ke cewa "'yar Holan". Ɗinkin ba wani abin a zo a gani ba ne. Sai ka san tarihin yadin sannan rigar za ta fara yi maka magana.

A harkar sutura ma haka ne. A 2000, Hussein Chalayan, wani mai zanen sutura, ya sa wata mai tallan kaya ta shiga tsakiyar teburin katako, ta ja shi sama ya zama siket. Ba don a sa a je biki ba. Yana maganar wanda yaƙi ya kora ne, da me zai iya ɗauka daga gidansa a daren gudu.

Da na ba tsohon telan wannan labarin, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Wannan na gane. Ayabar dai har yanzu damfara ce."