Waiwaye: Yadda ake kiyasin tsawon jinya daga alamomin sankarar ciki da maƙoshi

A zangunan Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, abin yakan faro ne daga bakin kwano. Dattijo ya fara ture nama gefe, ya bar tuwo ya koma koko, daga baya kokon ma sai an tsinka da ruwa. Ana ta sayen maganin olsa a kemis wata da watanni. Ranar da aka kai shi asibitin koyarwa na Komfo Anokye aka zura na'urar leƙa ciki, sai a tarar sankara ta yi nisa. Babban ɗa ya ja likita gefe: "Dokta, jikin Baba fa, yaya ake ciki?" Wa'adi na Allah ne, babu mai ja. Amma iyali na buƙatar kiyasi, domin a kansa za su yanke ko a sayar da fili a yi magani, ko a kira ɗan da ke ƙetare ya taho.

Likitocin zamanin da, da hannu suke karanta jiki. A 1848 Rudolf Virchow na Jamus ya bayyana wata kaluluwa mai tauri da ke fitowa a gindin wuya ta hagu idan sankarar ciki ta yaɗu. Ƙullutun da ke tsirowa a cibiya kuwa, a 1949 aka raɗa masa sunan Sista Mary Joseph, ma'aikaciyar jinya a Amurka da ta lura da shi. Har gobe ana duba su, kuma ganin ɗaya na nufin tiyatar warkarwa ta wuce.

Sai aka koma auna ƙarfin mutum. David Karnofsky ya fito da ma'auni daga 0 zuwa 100 a ƙarshen shekarun 1940, amma wanda aka fi amfani da shi yau shi ne na ECOG, wata ƙungiyar masu binciken sankara a Amurka. Mai 0 yana harkarsa. Mai 1 aiki mara nauyi kawai yake iyawa. Mai 2 yana kula da kansa amma ya bar sana'a. Mai 3 yana kwance ko zaune fiye da rabin yini, mai 4 ba ya tashi. A nan wurinmu tambayar da ke fito da gaskiya ita ce: yana zuwa masallaci da ƙafarsa? Shi ke ɗaukar butarsa, ko sai an riƙe shi?

Rama ta shiga lissafi a 1980, lokacin da Dewys da abokan aikinsa suka bi bayanan majinyata 3,047, suka ga wanda ya rame kafin a fara masa maganin sankara na kimo ba ya daɗewa kamar wanda bai rame ba. A 1998 binciken asibitin Royal Marsden na Ingila kan mutum 1,555 ya ƙara haske: ramammu sun fi shan wahalar maganin, baki ya yi gyambo, tafin hannu da na ƙafa su yi ciwo, dole a rage musu ko a dakatar.

Daga wannan asibitin ne kuma, a 2004, Ian Chau da abokansa suka tattara majinyata 1,080 masu sankarar ciki da maƙoshi da ta yi nisa, suka ware abubuwa huɗu: ECOG 2 ko sama, yaɗuwa zuwa hanta, yaɗuwa zuwa tantanin ciki, da sinadarin ALP na jini da ya kai 100. Waɗanda ba su da ko ɗaya, rabinsu sun kai wata 11.8 a raye. Masu ɗaya ko biyu, wata 7.4. Masu uku ko huɗu, wata 4.1. A kula, alƙaluman taro ne, na mutanen da ke da ƙarfin shiga gwajin magani, kuma kafin zuwan sabbin magunguna irin trastuzumab. Wanda ya ɗauke su ya ɗora wa Baba kai tsaye ya yi kuskure.

Abin da ya fi damunmu shi ne haɗa rama iri biyu da ake yi. Akwai wanda yunwa ke cinsa amma hanya ta toshe. Haɗiyar abinci mai tauri takan fara gagara idan kafar maƙoshi ta tsuke zuwa kamar milimita 13. Wannan idan aka sa masa bututu mai buɗa hanya, ko aka gasa ƙullutun sankarar da haske, yana iya murmurewa. Akwai kuma wanda cutar ce ke cin tsokarsa, ko an dafa abin da ya fi so ba ya marmari. Gwajin jini biyu na taimakawa wajen rarrabewa, kamar yadda likitocin Gilasgo suka tsara: CRP, alamar kumburi a jini, sama da 10, da albumin, furotin na jini, ƙasa da 35, suna nuna rama ta biyu. Irin wannan ramar abinci kaɗai ba ya mayar da ita, don haka ɗura wa mara lafiya fura da faɗa ba ya ƙara masa komai sai ɓacin rai.

Kiyasi yakan karkace ta wurare sanannu. Majinyaci ya sa babbar riga ya ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi", likita ya rubuta 1 alhali 3 ne. Shi ya sa ake tambayar mai dafa masa abinci. Ruwan da ya taru a ciki da kumburin ƙafa suna ƙara nauyi a sikeli, su ɓoye ramar, sai an dubi gefen goshi da damtse. Su kansu likitoci suna yawan kyautata zato: a binciken Christakis da Lamont na 2000 a Amurka, kiyasi 20 cikin 100 ne kawai ya yi daidai, 63 sun zarce.

Ga kuma rashin tsohon awo. Ƙa'idar gane ramar sankara da masana suka amince da ita a 2011 ita ce asarar fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyi a wata shida, wato kilo 3 ga mai kilo 60. Idan babu katin asibiti na baya, a tambayi ramuka nawa aka matsa a bel, ko sau nawa tela ya rage wando tun sallar da ta wuce.